Rimot ɗin get a jikin babur: kafin ka kai wa mai gyara

Wataƙila kai ma ka ci karo da bidiyon a TikTok ko Instagram. Wani Bature ya taho a kan ƙaton babur, ya taɓa wani ɗan maɓalli kusa da hon, ƙofar gareji ta ɗage da kanta, ya shige ko ƙafa bai sauke ba. Ka kalli Boxer ɗinka, ka ce ai ni ma zan iya. Gaskiya zai yiwu, kuma aikin bai kai yadda kake zato wuya ba. Sai dai gidan da ke bidiyon daban, gidanku na Kwarbai ko Limancin Kona daban.

Mu fara da ƙofar. A cikin birnin Zariya yawancin gidaje ba gareji gare su ba, zaure ne. Ka kashe mashin a lungu, ka ƙwanƙwasa, ka jira ƙaninka ya zare sakata, sannan ka turo shi ta kan ɗan katakon da aka jingina a dokin ƙofa. Injin da ke jan get, irin Centurion D5 na Afirka ta Kudu da ake gani a gidajen GRA, yana bukatar fili a gefe inda ƙofar za ta zame. A lungun da mutum biyu ke kaucewa juna, ina filin yake? Idan gidanku na bayan ganuwa ne, wajen Gwargwaje ko sababbin gine-ginen Ƙofar Gayan, kuma akwai get mai inji, to rabin aikin an gama maka. Idan zaure ne, abin da zai yi maka shi ne makullin lantarki mai aiki da volt 12, haɗe da ɗan akwatin da ke karɓar saƙon rimot. Ba zai wangale maka ƙofar ba, zai saki makullin ne kawai, kai ka tura. Ko hakan ma ya raba ka da tsayuwa a duhu ƙarfe goma sha ɗaya kana kiran wayar wanda ya yi barci.

Aikin jikin babur ɗin kuwa, duk mai gyaran rediyo ko waya da ya iya riƙe dalma zai yi shi. Maɓallin rimot ba komai ba ne illa wurare biyu da ke haɗuwa idan ka danna. Sai a buɗe rimot ɗin, a liƙa siraran wayoyi biyu a wuraren nan, a ja su zuwa wani maɓalli a hannun babur, irin na hon wanda yake komawa da ka sake shi. Kada ka yarda a sa maka makunni mai tsayawa a kunne, zai yi ta aika saƙo har batir ya mutu. Shi rimot ɗin a naɗe shi a leda, a ɓoye shi ƙarƙashin kujera ko cikin robar fitila. Ban da cikin ƙarfe, don ƙarfe yana tare saƙon. Ka tuna ruwan Agusta a Zariya ba ya wasa, ƙurar hunturu ma haka.

Inda ake yawan yin ɓarna shi ne wajen wuta. Wani rimot ɗin yana aiki da batir 23A mai volt 12, wani kuma da CR2032, mai kama da kwabo, volt 3 kacal. Mai gyaran da bai duba ba ya jona na biyun kai tsaye da batirin babur, nan take ya ƙone. Kuma idan inji na tafiya wutar kan haura zuwa wajen volt 14. Ni a ganina ka bar wa rimot batirinsa, ya fi sauƙi, musamman da yake da yawanmu batirin mashin ɗin ya daɗe da mutuwa, da kik muke rayuwa. Idan ka nace sai an jona, a sa fiyus, a sa na'urar rage wuta, kuma a ɗauko wutar daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli.

To ga maganar da bidiyon ba ya faɗa maka. Ranar da ka ɗaura rimot a jikin babur, babur ɗin ya zama makullin gidanku. Ka ajiye shi a bakin masallacin Juma'a, ko a kasuwar Sabon Gari, ko a Samaru ka shiga lacca. Wanda ya ɗauke shi, in ya san ka, ya san lungunku, ba mashin kaɗai ya samu ba. Cikin gidan akwai Hajiya, akwai ƙannenka mata, akwai babur ɗin yayanka a zaure. Ɗauko wuta daga layin makulli yana rage haɗarin, amma ɓarawon da ya iya tada mashin ba da makulli ba, wannan ba zai dame shi ba. Saboda haka ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka biya: idan rimot ya ɓata, ana iya goge shi daga akwatin karɓa? Idan ya fara kame-kame, ka wuce shago na gaba.

Akwai kuma wanda ba ya ma bukatar babur ɗinka. Rimot masu araha, waɗanda galibi ke aiki a kan 433 MHz, lamba ɗaya suke aikawa kullum, kuma ana sayar da wasu rimot ɗin da aikinsu kenan su kwafi irin wannan lambar. A 2015 wani masanin tsaron kwamfuta a Amurka, Samy Kamkar, ya nuna yadda ya sauya wani abin wasan yara na kamfanin Mattel ya riƙa buɗe garejin da ke da lamba tsayayyiya cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ka nemi mai lambar da ke canzawa duk dannawa, za ka ga an rubuta KeeLoq ko makamancinsa a bayanin kayan. Ya fi tsada, eh. Amma bambancin kuɗin bai kai farashin taya ɗaya ba balle babur.

Masu get mai inji, ku kula da yara. Ƙarfen nan nauyi gare shi, kuma inji bai san almajiri ya zauna a bakin ƙofa da kwanonsa ba. A Amurka tun 1993 doka ta wajabta wa masu ƙera injin ƙofar gareji su sa abin da zai mayar da ita baya idan wani abu ya gifta. A nan zaɓi ne, kuma shi ake fara cirewa idan ana neman ragi. Kada ka cire. Kada kuma ka danna tun daga kwana don burge abokai, sai idonka na kan ƙofar.

Sai wutar NEPA, wadda ba sai na yi maka bayani ba. Makullin lantarki yana son ɗan batir nasa da caja, ko ƙaramar sola, kuma ka zaɓi wanda yake da ramin makulli na hannu ta waje. Sannan kafin a huda ƙofar zaure, ka sami Baba da maganar. Gidan gado ne, ƙofar nan ta girme ka, kuma idan aka zura sakata ta ciki bayan isha'i kamar yadda aka saba, rimot ɗinka ba zai buɗe komai ba.