Ma'aikacin Kwamfuta Da Kamfanin Laima: Wace Inuwa Za A Shiga?

Tun da aka buɗe Jami'ar Jihar Taraba a Jalingo a 2008, sa'an nan Jami'ar Tarayya ta Wukari ta biyo baya a 2011, samari da 'yan mata masu ilmin kwamfuta suke ta fitowa shekara bayan shekara. Ga kuma shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koyar da fasahar zamani. Jalingo kuwa, tun da ta zama hedkwatar jiha a 1991, gari ne na ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, ba na manyan kamfanoni ba. Saboda haka aikin da yaro zai fara samu sau da yawa na kwangila ne: wata shida ko shekara ɗaya, a banki, ko kamfanin waya, ko wata ƙungiyar agaji, ko ma wani kamfani na ƙasar waje da zai yi wa aiki daga ɗakinsa a Mayo Gwoi ko Magami.

To, a nan ne ake yin ta. Masu aikin ba su cika son sa irin wannan mutum cikin jerin ma'aikatansu ba. Sai su ce ya bi ta hannun wani kamfani na tsakiya, wanda zai ɗauke shi a takarda, ya karɓi kuɗin aikin, ya cire haraji da sauran abin da doka ta ce, ya ɗauki ladarsa, sa'an nan ya miƙa masa saura. Turawan Ingila suna kiran irin wannan kamfani da sunan laima, watau inuwar da ɗan kwangila yake fakewa a ƙarƙashinta. Mu a nan ba baƙon abu ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar shanu ta Iware ya san dillali, ya san la'ada, ya kuma san cewa kuɗin baƙo a hannun mai masaukinsa suke kwana. Bambancin kawai shi ne, a Iware ana sanin dillali da gidansa da iyayensa, wannan kuwa watakila ofishinsa yana Legas, ba ka taɓa ganin fuskarsa ba.

Abin da ya fi ruɗa sabon shiga shi ne lissafi. A ce masu aiki sun yarda za su biya N400,000 a wata. Yaro sai ya ɗauka albashinsa ke nan, har ya fara cinikin babur. Ba haka ba ne. A ce kamfanin tsakiya ya ɗauki N40,000 la'ada, saura N360,000. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci kashi 10 cikin 100, ma'aikaci kuma kashi 8. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ƙara kashi 1 da ake biya wa asusun NSITF. Kamfanin tsakiya ba daga aljihunsa zai fitar da rabon mai gida ba, daga cikin wannan kuɗin ne. In an lasafta fanshon a kan dukan albashi, abin da zai hau takarda wajen N324,000 ne. A cire kashi 8 na ma'aikaci, ya koma wajen N298,000, ba a ma taɓa haraji ba tukuna. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026 ta yafe N800,000 na farko a shekara, amma abin da ya haura haka sai an biya. Don haka kafin a sa hannu, a nemi kamfanin ya rubuto wannan lissafi dalla-dalla, daga abin da masu aiki suka biya har zuwa abin da zai shiga banki. Wanda ya yi ta kwana-kwana a kan wannan buƙata, ya riga ya ba da amsa.

Cirewa kuma daban, kaiwa daban. Ana iya cire wa mutum fansho wata goma sha biyu, asusunsa bai ga ko kwabo ba. Abin dubawa a nan mai sauƙi ne. Hukumar CAC tana da shafin da kowa zai iya binciken ko kamfani yana da rajista. Dokar ƙwadago ta ce mai sana'ar samar wa wasu ma'aikata sai ya mallaki lasin daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Hukumar PenCom tana ba kamfanonin da suke biyan fansho takardar shaida ta shekara-shekara, kuma dokar fanshon ta wajabta inshorar rai wadda ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Harajin albashi kuwa jihar da mutum yake zaune ake biya wa, watau mazaunin Jalingo nasa na hukumar tara haraji ta Taraba ne, ko da kamfanin yana Ikeja. Ranar da zai nemi takardar shaidar biyan haraji, a Jalingo za a duba, in ba a gani ba shi za a tsare da tambaya.

Akwai kuma masu zaƙin baki, waɗanda za su ce in ka bi ta hannunsu kusan dukan kuɗinka za ka karɓa, su sun san hanyar kauce wa haraji. Abin da ya faru a Ingila ya isa a duba. Bayan da aka kafa dokar IR35 a shekarar 2000 don hana 'yan kwangila rage haraji, wasu kamfanoni sun riƙa biyan mutane da sunan rance maimakon albashi, rancen da ba a nufin a biya. A 2019 hukumar harajin ƙasar ta taso, ta bi dubban ma'aikata, da yawansu masu aikin kwamfuta, bashin harajin shekaru da dama a dunƙule. Wasu daga cikin kamfanonin da suka shirya abin sun riga sun rufe.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, kuma a ganina shi ne mafi nauyi: dokar ƙwadago ta Nijeriya, wadda asalinta tun shekarun 1970 ne, ta cire masu aikin gudanarwa da na fasaha da na ƙwarewa daga ma'anar kalmar ma'aikaci. Ke nan mai rubuta manhaja ko mai kula da na'urorin banki ba lalle ne ta rufe shi ba. Abin da ya rage masa shi ne takardar yarjejeniyarsa, ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za ta fara karantawa in rigima ta tashi. Sai a karanta ta a tsanake, in da hali a kai wa lauya. Wace rana ake biya? In masu aiki sun yi jinkiri, kamfanin zai biya daga nasa, ko sai an jira? Kwana nawa ne wa'adin sallama? Akwai hutu da kuɗin asibiti? Wa zai sayi data da man janareto, tun da kowa ya san halin wutar YEDC? In kuɗin dala ne, a kan wane farashi za a canza, kuma na wace rana? Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, wannan layi ɗaya kaɗai yana iya cin fiye da la'adar kamfanin.

Wanda bai ga kamfanin da ya kwanta masa a rai ba yana da wata hanya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya yi rajistar kamfani shi kaɗai, ko ya yi rajistar sunan kasuwanci, ya riƙa tura takardar neman biya da kansa. La'ada ta faɗi ke nan, amma masu aiki za su riƙe wani kaso na haraji tun daga tushe, shi zai bi takardar shaidarsa, shi zai cike bayanan shekara, fansho kuma sai in ya buɗe wa kansa. Ba kuma kowane banki ko kamfanin waya ne zai yarda ya yi hulɗa da shi kai tsaye ba, domin da yawansu sun riga sun zaɓi 'yan kamfanonin da suke bi ta hannunsu.