Gobarar Hunturu: Abin Da Magidantan Sara Za Su Yi Kafin 'Yan Kwana-kwana Su Iso

Daga Wakilinmu

Da zarar damina ta ɗauke, aka gama girbi, iskar hunturu ta fara busowa daga arewa maso gabas, to, lokacin gobara ya kama a ƙasar Hausa. Tun daga watan Nuwamba har zuwa Maris laimar da ke cikin iska takan ragu ƙwarai, jinka da zana da darni duk su bushe ƙayau, har ya zamana tartsatsi guda ya isa ya cinye gida.

Garin Sara, wanda ke cikin ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, gari ne na manoma da 'yan kasuwa, kasuwarsa kuwa ta yi suna wajen hatsi da dabbobi. A irin wannan gari, da ƙauyukan da ke kewaye da shi har zuwa ƙasar Birnin Kudu, a daidai wannan lokaci ne dukiyar shekara take taruwa cikin gida: gero da dawa a rumbu, buhunan wake da gyaɗa da riɗi a ɗaka, harawa a bisa rumfa, kara kuma jingine da danga. Watau abincin shekara da abincin wuta suna kwana wuri ɗaya.

Har wa yau lokacin hutu ne. Makarantu sukan rufe a watan Disamba yara su cika gida, ana ta bukukuwan aure na bayan kaka, murhu ba ya hutawa. A 'yan shekarun nan azumi ma cikin rani yake faɗowa, domin a 2025 ƙarshen watan Maris aka yi Ƙaramar Salla, ga shi kuwa girkin sahur da dare ake yin sa, sa'ad da barci ke fizgar mai girki.

Abin da ya kamata kowane magidanci ya sani shi ne, wuta a ɗakin jinka ba ta jiran kowa. Kafin a yi waya, motar 'yan kwana-kwana ta taso daga inda take, ta ratso yashi da matsattsun lunguna, sau da yawa toka za ta tarar. Saboda haka aikin farko yana wuyan mutanen gida da maƙwabtansu.

Ba mu rasa abin wa'azi ba. A watan Fabrairu na 2025 gobara ta tashi da dare a wata makarantar allo a Ƙaurar Namoda ta Jihar Zamfara, almajirai 17 suka rasu, binciken farko na 'yan sanda kuwa ya danganta ta da tarin kara da aka ajiye a wurin. A watan Nuwamba na 2021 yara fiye da 20 suka halaka a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, sa'ad da azuzuwan zana suka kama wuta. Kayan da suka ci waɗannan wurare su ne kayan da ke jibge a gidajenmu. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Masana sun ce abu uku wuta ke bukata: abin da za ta ci, da iska, da zafi. In aka raba ta da ɗaya, sai ta mutu. Don haka matakin farko shi ne a nisanta kara da harawa da ƙaiƙayi daga murhu da ɗakunan kwana, a share ciyawar da ke kewaye da rumbu da bayan danga har ƙasa ta fito fili, domin wutar da masu ƙona daji suka cinna don farautar gafiya ta rasa hanyar shigowa gari.

Sai batun jin ɗumi. Kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗaka haɗarinsa biyu ne. Na ɗaya, bakin zane ko gidan sauro ko katifar soso na iya taɓa shi. Na biyu, garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan sa ciwon kai da jiri, ta kashe mutum cikin barcinsa. Hayaƙin janareto ma irin wannan guba yake ɗauke da ita, shi ya sa ba a tayar da shi a ɗaka ko a zaure. Lalle ne a fitar da kasko a kashe shi kafin a kwanta. Haka nan kaskon turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da kyandir, da aci-balbal, kada a bar su kusa da labule ko ƙarƙashin gado. Wutar dafa ruwan wankan jego kuwa, a yayyafa mata ruwa in an gama, don iskar dare takan farfaɗo da garwashin da aka zaci ya mutu.

Man fetur ya fi kome haɗari. Yanzu ba wuya a ga jarkar mai a ɗaka saboda babur ko injin ban-ruwa. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yakan bi ƙasa ya yi nisa, in ya tarar da fitila ko murhu sai wutar ta biyo shi har bakin jarka. Mutanen Jigawa ba za su manta da daren 15 ga watan Oktoba na 2024 ba, ran da tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, ta yi bindiga sa'ad da jama'a ke kwasar mai, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya. A ajiye fetur a wajen ɗaki, cikin inuwa, a rufe, kada kuma a zuba shi a janareto yana aiki, ko kananzir a risho yana ci.

Masu girki da gas su ajiye tukunyar a tsaye inda iska ke ratsawa. In ana shakkar tana yoyo, a shafa ruwan sabulu a bakin tiyo, wurin da ya yi kumfa nan ne ɓarakar. In an ji warin gas, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. Masu lantarki kuwa, in an ɗauke wuta su zare hita da dutsen guga nan take, domin gidaje da yawa sun ƙone sa'ad da aka maido da wuta ba kowa a kusa. Haɗin batirin sola ma a bar wa wanda ya san aikin.

To, in tsautsayi ya auku fa? A fara fitar da mutane, musamman yara da tsofaffi, a yi kururuwa, wani kuma ya kira lambar gaggawa ta ƙasa, watau 112. In hayaƙi ya cika ɗaki a fita da rarrafe, gama iskar ƙasa ta fi tsabta. Wanda ya fita kada ya koma don kaya. Man suya in ya kama a kasko, ba a zuba masa ruwa, sai a rufe shi da murfi a janye itace. Wutar fetur da yashi ake kashe ta, ta lantarki kuwa sai an yanke ta daga mita. Wanda tufarsa ta kama kada ya yi gudu, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙuna a kwarara mata ruwa mai sanyi mai tsabta kamar minti 20, ban da shafa ƙwai ko gishiri ko man goge baki, sa'an nan a garzaya asibiti mafi kusa. Babbar ƙuna akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu.

Wata ɗabi'a da ya wajaba a bari ita ce kulle yara a ɗaka a tafi gidan biki ko kasuwa, alhali kuwa tagogin duk ƙarfe ne. Makulli kuma a san wurin ajiye shi, yadda ko cikin duhu hannu zai kai gare shi.

Dagatai da masu unguwanni da limamai na ƙasar Gwaram da Birnin Kudu suna da rawar da za su taka. Sanarwa a masallacin Juma'a da shela ran kasuwa suna kaiwa inda jarida ba ta kaiwa. In kowane gida ya tanadi bokitin yashi da randar ruwa a cike, kowace unguwa ta san rijiyar da za a nufa da samarin da za a tasa, maigida kuma ya zagaya gidansa kowane dare ya tabbata ba sauran wuta kafin ya kwanta, da yardar Allah hatsin bana zai kai mu wata kakar. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.