Jerome Nriagu, Masanin Da Ya Bi Sawun Zaiba Har Cikin Taɓon Tafki

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa bakin tafkin Lagdo ya ga yadda ake sauke arziki daga kwalekwale: giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa da tsage, wani ɗanye a wuce da shi Garwa tun rana ba ta yi zafi ba, wani kuma a banda shi a ɗaure cikin kwali zuwa Ngaundare da Marwa da Yola. Idan uwargida ta je sayen wannan kifi tambayoyinta ba su wuce biyu ba: sabo ne, kuma nawa ne? Akwai tambaya ta uku wadda ido da hanci ba su iya amsa ta, wato abin da kifin ya tara a tsokarsa tsawon rayuwarsa. Masana kimiyyar sinadaran tafki su ne ke amsa irin wannan, kuma ɗaya daga cikin manyansu ɗan maƙwabciyarmu Nijeriya ne, Farfesa Jerome Nriagu.

An haife shi a farkon shekarun 1940 a ƙasar Ibo, a yankin da ya zama jihar Anambra, wato can ƙasa inda ruwan Binuwai namu ke ratsawa bayan ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Ya sami digirinsa na farko a Jami'ar Ibadan a 1965, ya wuce Amurka ya yi na biyu a Jami'ar Wisconsin a 1967, sannan ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada a 1970, a fannin sinadaran ƙasa da duwatsu. Aikinsa na farko da ya fito a mujallar masana, a 1968, a kan taɓon tafkin Mendota ne, tafkin da ke daf da jami'ar tasu ta Wisconsin. Ya binciki yadda farar wuta ke sauya kama a cikin wannan taɓo. Mai karatu zai iya cewa, mutum ya ƙetare teku ya rasa abin nazari sai taɓo? To, a riƙe maganar farar wutar nan, za mu komo gare ta.

Shi dai tafki ba ya mantuwa. Kowace damina ruwa na kwaso ƙasa da ganye da ƙura da duk abin da mutane suka zubar, su kwanta a ƙasan tafkin, na bana a kan na bara. Masana kan cusa dogon bututu cikin wannan taɓo su zaro shi a miƙe, su yayyanka shi faifai-faifai, su auna kowane faifai. Na ƙasa shi ne tsoho, na sama shi ne sabo. Ta haka ake gane shekarar da wata masana'anta ta fara aiki, da lokacin da motoci suka yawaita, ko da babu wanda ya rubuta hakan a takarda.

Daga farkon shekarun 1970 zuwa 1993 Nriagu ya yi aiki a cibiyar binciken ruwa ta gwamnatin Kanada da ke Burlington, a bakin tafkin Ontario. Ya shiga aikin ne a lokacin da hankalin ƙasar ya tashi, domin a 1970 hukuma ta hana kamun kifin sayarwa a tafkin St. Clair bayan an sami zaiba mai yawa a jikin kifinsa. A waɗannan shekaru ashirin ya auna ƙarafa masu guba a manyan tafkunan Ontario da Erie da Superior, da kuma ƙananan tafkunan da ke kewaye da matatun ƙarfe na Sudbury. Aiki ne na haƙuri ƙwarai, don abin da ake nema bai taka kara ya karya ba a cikin lita guda ta ruwa, har ƙurar ɗaki ko yatsan mai awo na iya ɓata sakamakon baki ɗaya. A 1979 ya jagoranci wallafa wani babban littafi a kan yadda zaiba ke yawo tsakanin ƙasa da ruwa da iska da jikin halittu.

Zaiba, wadda a Faransanci ake kira mercure, ita ce ƙarfen nan mai ƙyalli da ke gudana kamar ruwa, wanda da yawanmu suka sani a cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti. Hanyoyi biyu take bi ta cutar da mutum. Ta farko tururinta ne, wanda ba shi da launi ba shi da wari. Idan an shaƙe shi, kimanin kashi 80 cikin 100 na shiga jini ta huhu, ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, ya jawo karkarwar hannu da mantuwa da saurin fushi da ciwon dasashi. Ta biyu ta fi ɓuya. A 1969 wasu masana biyu na ƙasar Suwidin, Jensen da Jernelöv, suka nuna cewa ƙwayoyin bakteriya da ke cikin taɓo na juya zaiba zuwa wani nau'i da ake kira metilmakuri, wanda ke maƙale wa tsokar mai rai. A tsakiyar shekarun 1980 aka gano cewa waɗanda suka fi yin wannan aiki su ne bakteriyar da ke rayuwa da farar wuta a inda iska ba ta kai ba, wato dai irin duniyar da ɗalibin nan ya fara leƙawa a Mendota. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, a kowane mataki gubar na ƙara tattaruwa. Dafuwa ba ta fitar da ita, haka suya, haka banda. Tana kuma ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi, wanda ƙwaƙwalwarsa ke cikin ginuwa. Wannan shi ne bala'in da ya faɗa wa masuntan Minamata ta ƙasar Japan, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a 1956, bayan masana'antar Chisso ta daɗe tana zubar da dagwalonta a mashigin tekun garin.

Aikin da ya fi ɗaga sunan Nriagu ya fito a 1988 a mujallar Nature, tare da abokin aikinsa Jozef Pacyna. Sun zauna sun yi ƙididdigar ƙarafa masu guba da ɗan Adam ke watsawa cikin iska da ruwa da ƙasa a duk duniya a shekara guda, daga ƙona kwal da narka ƙarfe da man mota da shara. Abin da suka kai gare shi ya girgiza mutane: idan aka auna da yawan ruwan da za a buƙata don sirka gubar har ta zama ta sha, gubar ƙarafan nan ta zarce ta sharar nukiliya da ta sauran sinadarai a haɗe. Har yau da wuya a buɗe wani nazari a kan gurɓatar ƙarafa ba a ci karo da sunayen mutanen nan biyu ba.

Mutumin yana da son tarihi. A 1983 ya fitar da littafi a kan dalma da gubarta a zamanin da, inda ya kawo hujjar cewa manyan Rumawa sun riƙa cin dalma ta hanyar ruwan inabin da ake dafawa a tukwanen dalma, har ya tambaya ko hakan na da hannu a rushewar daularsu. Malaman tarihi da dama sun ƙi yarda da shi, mu ma muna ganin ya ja igiyar da ɗan tsawo. Amma wannan ɗabi'a ta tonon tsofaffin littattafan lissafi ita ce ta haifar da aikin da ya fi shafar mu.

A 1994, shekara guda bayan ya koma koyarwa a makarantar kiwon lafiyar al'umma ta Jami'ar Michigan, ya wallafa lissafin zaibar da aka ɓatar wajen haƙar azurfa da zinariya a nahiyar Amurka. Tun 1554, lokacin da Bartolomé de Medina ya fito da dabarar kama azurfa da zaiba a Pachuca ta ƙasar Meziko, Sifaniyawa suka dinga kwarara ta a mahaƙansu, irin su Potosí. Nriagu ya ƙiyasta cewa tsakanin 1580 da 1900 an riƙa rasa kimanin tan 612 a kowace shekara, jimilla kusan tan 196,000 a Kudanci da Tsakiyar Amurka, kuma kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na wannan ya tashi sama ne a matsayin tururi. Azurfar ta tafi Turai an kashe ta tun tuni, masu haƙar sun zama ƙasa, amma zaibar tana nan: ta sauka tare da ruwan sama, rana ta sake tayar da ita daga fuskar ruwa, ta sauka a wani wuri. Zaiba ba ta ruɓewa kuma wuta ba ta cinye ta, sauya mazauni kawai take yi.

Dabarar Medina ba ta mutu ba, ita ce dai samarinmu ke amfani da ita. Mai haƙa kan wanke yashi a faranti, ya zuba zaiba ta kama ƙwayoyin zinariya su dunƙule, ya matse a ƙyalle, sannan ya ƙona dunƙulen a cokali ko gwangwani, zaibar ta tashi zinariya ta saura. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna cewa irin wannan ƙaramar haƙar zinariya ce ta fi kowace sana'a watsa zaiba cikin iska, kusan kashi 38 cikin 100 na abin da ɗan Adam ke fitarwa. A Kamaru an san wannan aiki a mahaƙan Gabas, a Betare-Oya da Baturi, inda 'ya'yan Arewa da yawa ke zuwa neman na kansu. A nan yankinmu ma ana wankin zinariya a ƙasar Mayo-Rey, wajen Tcholliré da gefen gandun dajin Binuwai. Mai karatu ya dubi taswira: da yawa daga rafukan wannan yanki gangarowa suke yi zuwa Lagdo. Zaibar da ta zuba a cikinsu, hanyarta ɗaya ce.

Ita kanta madatsar Lagdo, wadda Sinawa suka gina daga 1977 zuwa 1982, tana da nata labarin a wannan fanni. A Kanada an ga cewa idan aka datse kogi ruwa ya shanye daji, ciyayin da ke ruɓewa na ciyar da bakteriyar nan, sai zaibar jikin kifi ta hau. An ga haka a tafkin Southern Indian bayan 1976, kuma kan ɗauki shekaru 20 zuwa 30 kafin ta sauko. Sai dai kada wani ya ce mun ce a ƙaurace wa kifi. Binciken da aka yi a tafkunan Afirka masu zafi, musamman Biktoriya, ya sami zaibar yawancin kifi ƙasa da iyakar da hukumomin lafiya suka gindaya, har masana na mamakin ƙarancinta. Inda aka ga ta haura ma'aunin da aka sa wa masu ciki da ƙananan yara shi ne a manyan giwan ruwa masu kilo da yawa. Saboda haka mace mai juna biyu ko mai shayarwa ta fi samun kwanciyar hankali da karfasa da ƙananan kifaye, ta bar wa maigida ƙaton giwan ruwan. Kifi abinci ne mai gina jiki, asarar barinsa ta fi ta cinsa.

Haɗarin da ya fi kusa da gidajenmu shi ne na ƙonawa. Yaron da ya dawo daga mahaƙa da dunƙule a aljihu ya ƙona shi a madafi ko a ɗaka, ya shayar da mahaifiyarsa da ƙannensa tururin, kuma bango da tufafi na riƙe shi su dinga saki a hankali. Akwai wata 'yar tukunyar ƙarfe mai murfi da bututu, wadda maƙeri ko mai walda zai iya haɗawa, da ke kama tururin ta mayar da shi ruwa a sake amfani da shi. Ta rage guba, ta rage kashe kuɗin sayen zaiba. Mun ga abin da shigo da aikin zinariya cikin gida ya jawo a Zamfara a 2010, inda dalmar da ke cikin dutsen da ake daka a tsakar gida ta kashe yara kimanin 400. Nriagu kuwa tun 1997 ya wallafa awon dalma a jinin yaran Kaduna, a lokacin da man mota ke ɗauke da ita, yana jan hankali cewa yaran Afirka na shan gubar da babu mai aunawa. Iyaye mata su kuma lura da man shafawa da sabulun sauya launin fata, don an sha samun zaiba a cikinsu.

Yarjejeniyar Minamata, wadda aka rattaba wa hannu a 2013 ta fara aiki a 2017, ta ɗora wa ƙasashen da suka shiga, ciki har da Kamaru da Nijeriya, nauyin rage zaiba a haƙar zinariya. Amma yarjejeniya ba ta shiga kwalekwale ta ɗebo taɓo. Wannan aikin masu ilimin sinadarai ne, kuma mun lura iyaye a nan kan tura yaro mai ƙwazo likitanci ko aikin gwamnati, su ɗauki karatun sinadarai a matsayin na wanda ya rasa gurbi. Nriagu ya kai ga zama memba na majalisar manyan masana ta Kanada, Jami'ar Ibadan ta ba shi babban digirin kimiyya a 1987, ya daɗe yana shugabantar mujallar Science of the Total Environment, ya kuma jagoranci kundin sani na lafiyar muhalli da ya fito a 2011. Yanzu Arewa na da jami'o'i uku, ta Ngaundare da ta Marwa da ta Garwa wadda aka kafa a 2022. Tafkin Mendota da ya fara da shi bai cika murabba'in kilomita 40 ba. Lagdo ya ninka shi fiye da sau goma, tafiyar kusan sa'a guda ce daga Garwa, kuma taɓon damina fiye da arba'in na kwance a ƙasansa.