Hasken da ke Tona Asirin Fuskar Silikon

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ya ratsa ƙauyukan Bichi da Minjibir, zai ga farantan hasken rana a kan rufin shaguna da gefen rijiyoyin burtsatse. Akasarinsu da silikon aka yi su, wanda masana ke kira semikondakta, watau bai kai tagulla sakin lantarki ba, bai kuma tare shi kamar roba ba. Wani kaso na lantarkin da rana ke tayarwa cikinsa a fuskarsa yake salwanta, inda kaurin bai wuce 'yan ƙwayoyin zarra ba. To, yaya za a leƙa wuri mai siranta haka?

Da haske ake leƙawa. Hasken fitila idan ya bugi abu, ilektoron ɗin cikinsa sukan kaɗa daidai da bugun, ba sa haifar da sabon launi. Hasken leza mai tsanani kuwa yakan karkatar da kaɗawar. A 1961 Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan ta Amurka suka haska jar leza mai zangon nanomita 694 cikin dutsen kwaz, sai ga wani ɗan haske mai nanomita 347 ya fito, watau saurin kaɗawarsa ya ninka. Koriyar lezar nan da yara ke wasa da ita, galibi ta wannan dabara take samun launinta.

Sai dai silikon yana da gardama. Dubi gonar dawa: karan da ke tsakiya yana da maƙwabta ta kowane ɓangare, duk inda iska ta tura shi tirjiya ɗaya zai tarar. Na bakin gona kuwa, gefensa guda fili ne. Haka tsarin zarra a tsakiyar silikon yake, gabansa da bayansa ɗaya ne, saboda haka ninkin yakan kusan shafe kansa. A fuska ne kawai daidaiton ke karyewa.

Tun 1962 Nicolaas Bloembergen da Peter Pershan suka tsara lissafin irin wannan haske a kan iyakar abu biyu. Aikin mai lissafi ba ƙarami ba ne, domin hasken da ke dawowa ɗan mitsitsi ne, kuma tsakiyar ma takan ɗan sa baki. Sai ya zana tsarin zarra a kwamfuta, ya ƙiyasta hasken da zai fito in an juya silikon ɗin, sa'an nan a gwada da awon ɗakin bincike, a ware na fuska daga na ciki.