Kama da Wane Ba Ta Wane: Kwafar Manyan Kwamfutoci da Matsalar Sa Ido

Gabatarwa

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, kamar ajiye bayanan banki ko sakamakon jarrabawa ko shafukan intanet. Shirya guda ɗaya tun daga farko yakan ci sa'o'i da dama, domin sai an ɗora mata babbar manhaja da ƙanana, an kuma daidaita matakan tsaro. To, ina ga hukumar da ke bukatar hamsin? Dabarar da masana suka fito da ita ita ce a shirya ɗaya da kyau, a ɗauki cikakken kwafin faifan ajiyarta, sannan a riƙa zuba shi a kan sauran. Wannan kwafi shi za mu kira samfuri. Cikin manhajojin da suka yaɗa wannan dabara akwai Ghost, wadda Murray Haszard ya ƙirƙiro a ƙasar Niyu Zilan, kamfanin Symantec kuma ya saye ta a 1998.

Rajistar abubuwan da suka auku

Kowace uwar garke tana da rajista inda take rubuta abin da ya same ta: wane ne ya shiga, wace manhaja ce ta tsaya, yaushe faifai ya cika. Kwamfutoci masu amfani da Linux sun gaji tsarin syslog, wanda Eric Allman ya samar a shekarun 1980. Tsarin ya kasa saƙonni hawa takwas, daga 0, wato gaggawa, zuwa 7, wato bayanin da mai neman kuskure kaɗai ke bukata. A Windows kuwa kowane irin lamari da lambarsa. Alal misali, 4625 na nufin wani ya yi yunƙurin shiga bai yi nasara ba.

Akan tura waɗannan saƙonni zuwa wata kwamfuta ta daban, wato cibiyar sa ido. Dalili kuwa shi ne, ɓarawon da ya kutsa cikin na'ura yakan goge sawunsa, amma abin da ya riga ya isa cibiya ya fi ƙarfinsa.

Inda gizo ke saƙa

Samfuri yakan kwashe abubuwa iri biyu a haɗe. Na farko su ne ƙa'idoji: wane saƙo za a rubuta, ina kuma za a tura shi. Waɗannan ana so su bi kowane kwafi. Na biyu ita ce shaidar na'urar ta asali, wato sunanta da lambarta da mabuɗanta na sirri da tsohuwar rajistarta. Waɗannan ba a so su bi kwafi ko kaɗan. Mai karatu ya dubi makarantarsu: kayan makaranta iri ɗaya ne ga kowa, amma da za a ba ɗalibai hamsin lambar shiga ɗaya, yaya malami zai san wanda ya yi fashi?

A Linux akwai fayil mai suna machine-id, mai ɗauke da alamomi 32, wanda ya kamata ya bambanta a kowace na'ura. Idan aka kwafe shi yadda yake, cibiya tana iya haɗe saƙonnin na'urori da yawa ta ɗauka na ɗaya ne. Wata sai ta mutu ba a sani ba, domin 'yan'uwanta suna amsa kira da sunanta. A wasu nau'o'in Linux, kamar Ubuntu, da wannan lamba ake dogara wajen neman adireshin sadarwa, saboda haka na'urori biyu sukan tashi da adireshi ɗaya. Haka kuma wanda ya wuce gona da iri wajen shara yana iya goge ƙa'idojin su ma, na'ura ta yi ta aiki babu mai jin labarinta.

Yadda ake yi

Kafin a ɗauki samfurin Windows, akan yi amfani da manhajar Sysprep, wadda ke cire lambar tsaron na'urar, ta kuma goge tsofaffin rajistoci. A Linux akan share abin da ke cikin machine-id, na'ura kuma ta samar da sabuwar lamba da zarar an kunna ta. Sai a goge tsohuwar rajista da mabuɗan sirri, a bar fayil ɗin ƙa'idoji, kamar rsyslog.conf, yadda yake. Kada kuma a rubuta sunan na'ura da hannu cikin ƙa'idojin. A bar manhajar sa ido ta karanto shi daga na'urar da ta sami kanta a ciki.

Kammalawa

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. A kunna sabuwar na'ura, a shigar da kalmar sirri ta ƙarya da gangan, sannan a duba cibiya. Idan saƙon ya iso ɗauke da sabon suna da lokaci daidai, aiki ya yi. In bai iso ba, a koma a gyara samfurin kafin a zuba shi a kan saura, domin kuskure ɗaya a samfuri kuskure hamsin ne a na'urori hamsin.