Idan Mota Tana Kuka Da Tsakar Dare, A Fara Duba But

Duk wanda ke zaune a Matsinkai ko Tsamiya ko Ka'oje, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo, ya san cewa da yawa daga cikin motocin wannan yanki na hannu ne, waɗanda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Shekaru da dama ana shigo da su ta kan iyakar Benin, kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta ƙasa daga ranar 1 ga Janairu, 2017. Waɗannan motoci, irin su Camry da Corolla da Accord, da yawansu sun zo da abin da tsohuwar Peugeot 504 ta Kaduna ba ta da shi, wato ƙararrawar tsaro mai kuka idan ɓarawo ya taɓa mota.

Amma sau da yawa motar takan kama kuka da tsakar dare, a fito da tocila da sanda, ba a ga kowa ba. Bayan kwana uku maƙwabta sun gaji, sai mai motar ya kai ta wurin mai gyaran wuta, ya ce a yanke wayar ƙararrawar kowa ya huta. Wannan kuskure ne, domin a yawancin lokaci ƙararrawar lafiyarta ƙalau. Mai laifin yana iya zama wani ɗan makunni da ke cikin but.

Yadda yake aiki

Wannan makunni, wanda makanikai ke kira sansa, aikinsa guda ɗaya ne: ya gaya wa kwamfutar motar ko but a rufe yake ko a buɗe. A wasu motoci ɗan tsinke ne da murfin but ke dannewa, a wasu kuma yana ɓoye a cikin makullin but ɗin. Idan ya lalace, sai ya riƙa ba da labarin ƙarya cewa an buɗe, motar kuwa ta ɗauka ɓarawo ne.

Abubuwa uku ne suka fi kashe shi a wurinmu. Na farko ƙurar hunturu da ruwan damina, waɗanda ke shiga su sa tsatsa. Na biyu lodi. Idan aka cika but da buhunan shinkafa ko albasa ranar kasuwa, aka danne murfi da ƙarfi ko aka ɗaure shi da igiya, ƙarfen da makulli ke kamawa yakan goce, murfin ya daina zama daidai. Na uku wayoyin da suka bi ta wurin da murfin ke lanƙwasawa, waɗanda yawan buɗewa da rufewa ke karya su a cikin robarsu.

Yadda za a gane

A fara da abin da ba ya cin ko sisi. A rufe ƙofofi duka da but, a kunna mota, a dubi dashbod. Idan hoton mota mai buɗaɗɗen baya yana nan a kunne, to an sami bakin zaren. Haka nan idan an danna rimot motar ta ƙi kullewa.

Sai a duba fitilar cikin but. A kwantar da kujerar baya a leƙa, ko a kunna bidiyon wayar hannu a ajiye ta ciki a rufe. Kada a kuskura a sa yaro a ciki wai don ya duba. Motocin da aka ƙera don Amurka daga watan Satumba na 2001 suna da abin buɗewa daga ciki, amma ba kowace mota ba ce, zafin cikin but kuwa yana iya kisa. Idan fitilar ba ta mutu ba, ita ce ke shanye batir. Ƙwan fitila mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4, kuma wannan ya isa ya kwantar da batir a cikin 'yan kwanaki idan mota tana ajiye.

Bayan haka a buɗe but, a danna tsinken da yatsa, ko a tura harshen makullin da sukudireba har ya kama. Idan fitila ta mutu, makunnin yana da rai, murfin ne bai kai gare shi ba. Sai a kwance ƙarfen a daidaita. A tuna a saki makullin kafin a rufe. Idan fitila ba ta mutu ba, a goge wurin, a girgiza wayoyin da ke bakin murfi. Fitilar da ke ƙiftawa tana nuna waya ce ta karye ko ta goge. Sai duk wannan ya gagara mai gyaran wuta zai sa mita ya gwada makunnin kansa. A ce masa ya auna batir ma, domin cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, mai rauni kuwa shi kaɗai yakan ta da ƙararrawa.

'Yan'uwa, Hausawa sun ce kada a raina allura, ƙarfe ce. Wanda ya yanke waya ya bar motarsa da kayan mutane ba mai gadi, batir kuma yana ci gaba da mutuwa. A wasu motocin ma ƙararrawar tana haɗe da na'urar da ke hana inji tashi, yankan ganganci na iya sa mota ta ƙi tashi gaba ɗaya. Saboda haka kafin a biya kuɗin sabon batir ko a yarda a sa almakashi, mai mota ya nemi a nuna masa abin da ya lalace da idonsa.