Aljihun da Ya Dace da Wayar Hannu

Yau maganarmu a filin kimiyya a kan aljihu ta ke. Watakila wani zai ce, me ya haɗa kimiyya da aljihu, abin da ko yaron tela ya iya? To, ku ba ni aron hankalinku kaɗan. A zamanin nan mutum ya kan yi watanni yana tara kuɗi ya sayi wayar hannu. A cikinta akwai lambobin danginsa na gida, da hanyar da ya ke aika musu da kuɗi, da hotunan takardunsa na zama a ƙasar da ya ke neman abinci. Sa'an nan ya ɗauki wannan dukiya duka ya jefa cikin aljihun da aka ɗinka domin goro da 'yan kwabbai. Nufina yau in nuna muku abubuwan da ke ɓata waya a aljihu, da dalilinsu, da abin da za ku gaya wa tela domin ku tsira daga hasara.

Kalmar aljihu kanta daga Larabci muka aro ta. Babbar riga tana da nata aljihu babba a ƙirji, wajen hagu, inda maɗinka su ke zuba aiki irin su aska biyu da aska takwas. Kuɗi kuwa, iyayenmu a alabe ko lalita su ke ajiye su. Ba wanda ya ɗinka aljihu a da yana tunanin na'ura mai gilashi da lantarki.

Su ma Turawa da mutanen Japan sun yi fama da wannan. A 1954 aka fara sayar da ƙaramar rediyo ta aljihu a Amurka, mai suna Regency TR-1. A 1957 kamfanin Sony na Japan ya fito da tasa, sai ta ɗan fi aljihun taguwa girma. Akio Morita, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya ba da labarin cewa sai da suka sa aka ɗinka wa masu tallarsu taguwoyi masu aljihu ya ɗan fi na kullum faɗi, don rediyon ta shiga. Wayar hannu kuwa, ta farkon da Martin Cooper na kamfanin Motorola ya buga a birnin New York a 1973 ta wuce kilo 1 nauyi, ba aljihun da zai ɗauke ta. Daga nan ta yi ta ƙanƙancewa har ta zama 'yar mitsitsiya, sa'an nan ta koma girma saboda mutane suna son allo mai faɗi. Manyan wayoyi yanzu su kan kai tsawon inci 6 da 'yan kai, da faɗin inci 3, da nauyin kamar giram 200. Waya ta sake kama, amma telolinmu da yawa suna nan kan awon da.

Abu na farko da ke cin waya a aljihu shi ne ƙura, kuma ba a ganin ɓarnarta sai ta yi nisa. A 1812 wani masanin duwatsu Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai bisa ga taurinsu, daga 1 zuwa 10, lu'ulu'u shi ne na 10. Ƙa'idar ita ce, abu mai tauri shi ke karce wanda bai kai shi ba. Ƙwayar rairayi yawanci tana kan 7, gilashin waya kuwa bai kai nan ba. Saboda haka ƙwayar rairayi guda da iskar hunturu ta kawo ta kwanta a gindin aljihu ta fi makulli ɓarna, domin ƙarfen makulli bai kai gilashi tauri ba. Duk takun da mutum ya yi, rairayin yana gugar allon. Har ila yau, zaren tufa da ke tsinkewa ya kan taru a ramin caji, ya toshe shi, mai waya ya zaci batir ne ya mutu.

Na biyu faɗuwa. Abin da aka saki daga tsawon mita 1 ya kan iso ƙasa cikin abin da bai kai rabin sakan ba, yana gudun kamar kilomita 16 a awa. Kafin hannu ya kai gare shi ya riga ya sauka. Ba gudun ke fasa gilashi ba, tsayawa farat ɗaya ce. In waya ta faɗa kan darduma, dardumar ta kan lotsa ta karɓe ta a hankali. In kan siminti ne, ba abin da zai lotsa sai wayar, in kuma da kusurwa ta sauka, duk ƙarfin bugun a wuri guda zai taru. Masu yin gilashin waya suna ƙarfafa shi da wata dabara: su kan tsoma shi cikin narkakken gishirin wani sinadari a zafin kamar digiri 400, ƙwayoyin sinadarin su kutsa cikin fatar gilashin su matse ta. Amma duk da haka, inda rairayi ya riga ya karce, nan tsaga ke farawa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku lura kuma da inda waya ta fi zamewa. Aljihun gaban kaftani a buɗe ya ke ta sama, da mutum ya sunkuya domin alwala ko ruku'u, bakinsa ya dubi ƙasa, nauyin giram 200 ya yi aikinsa.

Na uku matsi, wannan kuwa ya fi sauran hatsari, domin ya shafi batir. Batirin wayoyin yanzu da sinadarin lithium a ke yinsa. Kamfanin Sony ya fara sayar da irinsa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka ƙago shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, kyautar Nobel. A cikinsa akwai falle-falle guda biyu sirara, an naɗe su ko an jera su, tsakaninsu da wani shamaki wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Muddin shamakin nan yana nan lafiya, lantarki ta hanyar da aka shirya masa ya ke bi. In ya huje, fallayen suka taɓa juna, sai zafi ya tashi, zafin ya haifi wani zafi, har batir ya kama wuta. An ga misalin haka a 2016, sa'ad da kamfanin Samsung ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa, daga baya ya bayyana cewa kuskure ne a ƙirar batirin. Wannan ba laifin aljihu ba ne, amma ya nuna mana abin da ke faruwa in shamakin ya lalace. Kafin nan, a 2014, mutane da dama sun yi kukan cewa wayar iPhone 6 Plus tana lanƙwashewa a aljihun wando matsattse. Wanda ya sa waya a aljihun baya ya zauna a kanta, a benci ko a kan babur, nauyinsa ya ke ɗora wa wannan shamaki.

Na huɗu zafi. Kamfanin Apple ya rubuta cewa an yi wayoyinsa domin aiki a tsakanin digiri 0 da 35. Jikin ɗan Adam kansa yana kan digiri 37. Masu saurarenmu na Njamena da Khartum da Makka sun san bazara, sa'ad da zafin rana ya kan wuce digiri 40 a inuwa. Waya ba ta da fanka, ta bayanta da gefunanta ta ke fitar da zafi. In aka kulle ta cikin aljihu mai kauri, tana manne da jiki, kuma an jona ta da batirin caji na tafi-da-gidanka, zafi ba shi da mafita. Batirin da ke shan zafi kullum da wuri ya ke tsufa, wani har ya kumbura. Wanda ya ga bayan wayarsa ya taso, ya daina caji, ya fitar da ita daga jikinsa, ya kai wa mai gyara. A nan ne a ke samun cikas wajen ɗinki: auduga ko soso mai kauri ya kan rage bugu, amma ya kan tsare zafi. Saboda haka kariya daga bugu aikin kwanson waya ne, aikin aljihu shi ne ya hana ta faɗuwa tun farko, ya bar ta ta sha iska.

Na biyar gumi. Gumi ruwan gishiri ne, ruwan gishiri kuwa yana ɗaukar lantarki, yana kuma cin ƙarfe. Wayoyin da a ke cewa ruwa ba ya shigarsu, da ruwa mai daɗi a ke gwada su suna sababbi, danƙon da ke toshe kafofinsu kuma ya kan saki in sun daɗe.

Akwai wata magana da ta fi waya muhimmanci, domin ta shafi rai. Wasu masu ciwon zuciya likitoci su kan dasa musu 'yar na'ura ƙarƙashin fata, yawanci a ƙirji wajen hagu, mai daidaita bugun zuciya. An yi ta yadda in aka kusantar da maganaɗisu za ta sauya aikinta, domin amfanin likita. To, waɗansu sababbin wayoyi suna da maganaɗisu mai ƙarfi a bayansu. A 2021 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa a bar tazarar aƙalla inci 6, watau santimita 15, tsakanin waya da irin wannan na'ura, kada kuma a sa waya a aljihun da ke bisa kanta. Ku tuna inda na ce aljihun babbar riga ya ke. In akwai dattijo a gidanku mai wannan na'ura, ku sa a ɗinka masa aljihu a gefen dama, can ƙasa.

Ana kuma tallar wani aljihu da aka yi wa shafi da yadi mai zaren ƙarfe. Asalinsa gaskiya ne. A 1836 Michael Faraday ya nuna a Landan cewa ɗakin da aka lulluɓe da ƙarfe ya kan tare lantarki daga waje. Amma ku sani, in aljihu ya tare igiyar rediyo ta kowane gefe, kira ba zai shigo ba, wayar kuma za ta yi ta neman tasha tana shan batir.

Mata su ne suka fi cutuwa da rashin aljihu. A ƙasar Turai, daga ƙarni na 17 zuwa na 19, mata aljihu dabam su ke ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin tufafinsu, har yau akwai irinsa a gidan tarihi na Victoria and Albert a Landan. A 2018 wata mujallar intanet a Amurka, The Pudding, ta auna wandunan jins 80 na kamfanoni 20, ta tarar aljihun gaba na mata bai kai na maza zurfi ba da kashi 48 cikin 100. Namu matan kuwa, zane da riga da abaya yawanci ba aljihu ko ɗaya, sai a soke waya a gefen zane ko a cusa ta a ƙirji, inda gumi da zafi suka fi yawa. Alhali siket ɗin atamfa da doguwar riga duka suna da ɗinkin gefe da za a iya ɓoye aljihu a ciki, ba tare da an ɓata adon ba.

To, ga abin da za ku gaya wa tela, ko a zangon Kumasi ku ke ko a Garwa ko a Jidda. Ku tafi masa da wayar tana cikin kwansonta, ya auna. Zurfin aljihu ya ɗara tsawonta da inci 1, faɗinsa ma haka, domin in ya matse za ta sha matsi, in ya yi yawa za ta kwanta a gicciye ta riƙa kaɗawa. A yi shi a ɗinkin gefen kaftani, ko a gefen cinyar wando, nesa da inda jiki ke lanƙwashewa in an zauna. Shafinsa ya zama na auduga mai laushi, mara kauri. A sa zif ko maɓalli a baki, wannan shi ke maganin faɗuwa, yana kuma ba 'yan sane wahala a tasha da kasuwa. A bi gindinsa da keke sau biyu, a ƙarfafa kusurwoyin bakinsa, domin nan aljihu ke fara yagewa. Wani tela a Amurka, Jacob Davis, ya gane haka tun da daɗewa, shi da Levi Strauss suka yi rajistar sa ƙananan ƙusoshin jan ƙarfe a kusurwar aljihu a 1873, ga su nan har yau a wandon jins. Mu zare ya ishe mu, in an maimaita ɗinkin.

Sauran aiki na mai riga ne. Aljihun waya na waya ne kaɗai, kada a haɗa ta da makulli da kwabbai, balle batir tsirara, domin ƙarfe ya kan haɗa bakunansa biyu ya ƙona cinya. Allon ya dubi jiki, don in an yi karo bayanta ya karɓi bugun. Ranar wanki a juyo aljihu a kakkaɓe rairayi. Alhazai maza kuma, da ya ke harami ba ɗinki gare shi, balle aljihu, sai su nemi ɗamara mai zif, su juyo aljihunta gaba sa'ad da su ke cikin cunkoson ɗawafi.

Kuɗin ƙarin aljihu guda wajen tela bai kai kuɗin sabon allo ba, balle na sabuwar waya. In kunne ya ji, jiki ya tsira.